Kwalin gwajin SHL na Landan: amfaninsa ga matasa masu sauya jinsi, da inda ya tsaya

Kwalin bai fi ƙaramin littafi girma ba, an yanka shi daidai yadda zai shige ta ramin wasiƙa na ƙofar gida. Babu tambarin asibiti a bayansa, babu kalmar da za ta sa mai raba wasiƙu ko abokin zama ya gane abin da ke ciki. Kayan gwajin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa ne, waɗanda Sexual Health London, ko SHL a taƙaice, ke aika wa mazauna mafi yawan unguwannin Landan kyauta tun 2018. Ƙananan hukumomin birnin ne ke biya. Kamfanin Preventx, mai ɗakin gwaje-gwaje a Sheffield, shi ke haɗa kwalin ya kuma auna abin da aka mayar masa, likitoci da ma'aikatan jinya na asibitin Chelsea and Westminster kuma su ke bin sakamakon. Mun dubi hidimar ta fuska ɗaya kawai: yadda take yi wa matasa masu sauya jinsi aiki, musamman 'yan shekara 18 zuwa 25, waɗanda dama a wannan tsakanin ne aka fi samun kilamidiya da ciwon sanyi a Ingila.

Kafin a yi nisa, a daidaita kalmomi, domin ruɗaninsu yana kai mutum ga gwajin da ba nasa ba. Masu sauya jinsi ba su ne mata-maza ba. Mata-maza su ne waɗanda aka haifa da halittar da ba ta tsaya a gefe ɗaya ba. Ba kuma daidai suke da 'yan daudu kamar yadda aka san su a ƙasar Hausa ba. A nan, idan mun ce namiji mai sauya jinsi, muna nufin wanda aka haifa da jikin mace yake rayuwa a matsayin namiji. Mace mai sauya jinsi ita ce wadda aka haifa da jikin namiji take rayuwa a matsayin mace. Akwai kuma waɗanda ba sa sanya kansu a ko ɗaya. Da yake Hausa ba ta barin a ce "kai" ko "ke" ba tare da an yanke wa mutum jinsi ba, za mu riƙa cewa "a yi kaza", yadda umarnin zai shafi kowa.

Babban abin da kwalin ya kawar shi ne teburin karɓar baƙi. Duk wanda ya san wannan fanni ya san abin da ke faruwa a can. Matashi ya shigo da gemu a fuska, katinsa kuma na ɗauke da sunan mace. Ma'aikaciya ta dubi katin, ta dube shi, ta sake duban katin, sannan ta ɗaga murya a ɗakin jira ta kira tsohon sunan, kowa ya waiwayo. Ko kuma a dube shi da ido a miƙa masa kwalbar fitsari saboda an ɗauka jikinsa irin na sauran maza ne, shi kuma kunya ta hana shi gyarawa. Sau ɗaya ake yi wa mutum haka ya ɗauke ƙafa shekara biyu, cutar kuwa tana nan tana aikinta shiru. Da SHL ba wanda ke kallon fuskar kowa. Ana cike fom a waya, kuma wajen jinsi ba a tsaya ga namiji da mace kaɗai ba, akwai zaɓin masu sauya jinsi da na waɗanda ba sa cikin biyun. Ana tambayar irin saduwar da aka yi, da ko akwai alamun ciwo, da ko an taɓa kamuwa da tunjere ko ciwon hanta. Daga amsoshin ne ake haɗa abin da zai zo a kwalin. Hidimar tana karɓar mutum daga shekara 16, tare da ƙarin tambayoyin kariya ga wanda bai kai 18 ba. Wanda bai kai 16 ba asibiti ake tura shi.

A nan kuskuren farko yake, kuma daga mai cike fom ɗin yake fitowa. Ƙwayar cuta ba ta san suna ko jinsi ba, inda ta sauka nan take zama. Idan aka ɓoye cewa an yi saduwa ta baki ko ta dubura, ba za a aiko da tsinken waɗannan wuraren ba, sakamako ya fito tas alhali ciwon sanyi yana zaune a maƙogwaro. Ciwon da ke maƙogwaro da dubura yawanci ba ya nuna komai. Fom ɗin ba ya ganin mai amsa, don haka babu dalilin rage masa gaskiya.

Idan aka buɗe kwalin, za a tarar da takardar umarni mai hotuna, da 'yar kwalbar jini wadda ba ta kai ƙaramin yatsa tsawo ba, da 'yan allurai na huda yatsa masu amfani sau ɗaya, da ƙyallen goge fata mai sinadarin kashe ƙwayoyi, da filasta. Sai tsinke mai auduga a kai, ɗaya ko biyu ko uku, kowanne da kwalbarsa, da abin tarar fitsari ga wanda ya dace, da takardun manna shaida, da ambulan ɗin mayarwa wanda an riga an biya kuɗin gidan waya. Jinin na gwajin cuta mai karya garkuwar jiki ne da tunjere, a ƙara da ciwon hanta nau'in B da C ga wanda amsoshinsa suka nuna buƙata. Tsinke da fitsari na kilamidiya ne da ciwon sanyi.

Tambayar da ta fi damun masu sauya jinsi ita ce fitsari ko tsinke, kuma amsar tana ga halittar da ke jiki a yau. Namijin da aka haifa da jikin mace, wanda ba a yi masa tiyatar gaba ba, tsinken farji ne ya fi masa inganci. Ƙwayar kilamidiya a bakin mahaifa take zama, fitsari kuwa ta wata hanya yake bi, shi ya sa gwajin fitsari a irin wannan jiki yakan tsallake kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da tsinke zai kama. Yadda ake yi: a wanke hannu, a riƙe tsinken ta tsakiya, a shigar da shi kamar santimita 5, a juya shi yana taɓa bango na daƙiƙa 10 zuwa 30, a fitar ba tare da ya gogi fatar waje ba, a saka a kwalba, a karya sandar a wurin da aka yi mata alama, a rufe da kyau. Kada a zubar da ruwan da ke cikin kwalbar, shi ke adana samfurin.

Abin da takardar umarni ta gama-gari ba za ta iya yi wa kowa bayani ba shi ne tasirin testosteron, wato homon ko sinadarin jiki na maza da namiji mai sauya jinsi ke amfani da shi. Bayan watanni ana amfani da shi, istirojin, wato homon na mata, yana raguwa a jiki, fatar cikin farji ta yi siriri ta bushe, kamar yadda ke faruwa ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Tsinken da wata ba za ta ji shigarsa ba, shi yana iya yi masa zafi, har ya fito da ɗan jini. Ɗan jinin ba ya ɓata gwajin. Kada a shafa wa audugar mai ko wani abin santsi, domin wasu suna hana na'urar karanta samfurin. A zauna ko a ɗora ƙafa ɗaya kan kujera, a saki jiki, a tafi a hankali. Ba sai an kai ga bakin mahaifa ba. Ga wanda taɓa wannan wuri ke jefa shi cikin ƙunci mai tsanani saboda rashin jituwarsa da jikinsa, kuma akwai su da yawa, fitsari ya fi a bar gwajin gaba ɗaya. A ganinmu wannan shi ne wurin da kwalin ya fi kowane ɗakin asibiti daraja: mutum yana ɗakinsa, ƙofa a kulle, ba wanda ke jiransa a waje, yana iya ajiye tsinken ya sha ruwa ya dawo bayan awa ɗaya.

Macen da aka haifa da jikin namiji, wadda ba a yi mata tiyata ba, fitsari za ta bayar. Dokarsa biyu ce kuma ana yawan karya su. Ta farko, a yi aƙalla awa ɗaya ba a yi fitsari ba, biyu ta fi. Ta biyu, farkon fitsarin ake so, mililita 10 zuwa 20 na farko, kamar cokali ɗaya ko biyu na cin abinci, domin shi ke wanko ƙwayoyin daga bututun fitsari. Waɗanda suka saba da gwajin ciwon mara, inda ake cewa a bar na farko ya zube a tari na tsakiya, sukan yi haka a nan, sai su zubar da ainihin abin da ake nema. Cika abin tarar har baki shi ma kuskure ne, yana tsinka samfurin. Wadda aka yi wa tiyatar gina farji kuwa, mafi yawanci da fatar azzakari ake shimfiɗa cikinsa, babu bakin mahaifa, saboda haka fitsari ne ginshiƙin gwajinta, a haɗa da tsinke idan ana saduwa ta wurin. Idan da wani yanki na hanji aka gina shi, fatarsa mai laima ce wadda ƙwayoyin nan ke iya kamawa sosai, tsinken ya zama dole. Namijin da aka yi wa tiyatar gina azzakari, in har ba a cire farjin ba kuma ana amfani da shi, tsinke bai faɗi a kansa ba. Irin waɗannan bambance-bambance fom ba zai iya rarrabe su duka ba, kuma wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ya fara tambayar likitansa kafin ya shigar da komai.

Tsinken maƙogwaro a gaban madubi ake yi, a buɗe baki sosai, a goga a gefe biyu na can ciki da bangon baya na kamar daƙiƙa 5 kowanne, a guji harshe da haƙora. Zai sa yunƙurin amai, wannan alama ce an kai wurin. Na dubura a shigar da shi santimita 2 zuwa 3, a juya daƙiƙa 5 zuwa 10. Abu ɗaya da ke lalata aiki a nan shi ne musanya takardun shaida: kowace kwalba da tata, kuma idan aka manna ta maƙogwaro a ta dubura, maganin da za a bayar da shawarar da za ta biyo baya suna iya kuskurewa. A riƙa manna kowace takarda nan take, kafin a buɗe tsinke na gaba.

Jini ne inda kwalin ya fi ba mutane wahala, kuma shi ne raunin duk wani gwajin gida irin wannan. Ana buƙatar kusan rabin mililita, wato ɗigo goma sha biyar ko sama da haka, har ya kai layin da aka zana a jikin kwalbar. A ido kaɗan ne, amma daga kan yatsa, a ɗaki mai sanyi a watan Janairun Landan, aiki ne. Abin da ke sa a yi nasara tun kafin a taɓa allura yake farawa. A sha ruwa kofi biyu rabin awa kafin nan. A jiƙa hannu cikin ruwan ɗumi minti uku zuwa biyar har yatsu su yi ja, a kaɗa hannun ƙasa sau da yawa. A tsaya a tsaye, kwalbar a kan tebur ƙasa da ƙugu, yadda hannun zai kasance ƙasa da zuciya. A zaɓi yatsan zobe ko na tsakiya na hannun da ba a rubutu da shi, a goge, a bari ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen yatsa yana sa jini ya bazu a fata maimakon ya taru ya ɗiga. A murɗe murfin allurar, a ɗora ta a gefen kan yatsa, a danna da ƙarfi har a ji ƙas. Masu jin tsoro sukan danna da sanyin hannu, allurar ta tashi ba ta shiga sosai ba, kuma ba ta sake tashi, an yi asarar ɗaya ke nan. A share ɗigon farko, sannan a riƙa tatso hannun a hankali daga tafi zuwa yatsa, a saki, a sake, kamar mai tatsar akuya, ɗigon yana faɗawa da kansa.

Kada a matse kan yatsan da ƙarfi, kada kuma a kankare jinin da bakin kwalba. Yin haka yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ɗakin gwaji ya ce samfurin ya lalace, a koma farko. Idan jinin ya tsaya, a goge wurin da ƙarfi da busasshen ƙyalle, yakan dawo. In bai dawo ba a koma wani yatsa da sabuwar allura, ba tare da ɓata lokaci ba, don jinin da ke kwalba yana fara daskarewa cikin 'yan mintuna. Masu amfani da testosteron su lura da cewa yana ƙara yawan jajayen ƙwayoyi a jini, ruwan da ake aunawa ya ragu a cikin kowane ɗigo, don haka su cika har layin sama, kada su tsaya a ƙasa da shi. A rufe har murfin ya yi ƙara, a juya kwalbar sama da ƙasa a hankali sau biyar zuwa goma, a rubuta ranar, a jefa a akwatin gidan waya a ranar. Samfurin da aka jefa da yammacin Asabar zai kwana biyu a akwati, in lokacin zafi ne kuma ya lalace. Litinin zuwa Alhamis da safe ya fi. Wanda ya gwada sau biyu bai samu ba, ya aika da tsinke da fitsarin, ya je asibiti a ɗebi jinin ta jijiya.

Homon, na maza ko na mata, ba ya canza sakamakon waɗannan gwaje-gwaje. Abin da ke canza shi lokaci ne. Kilamidiya da ciwon sanyi suna buƙatar mako 2 bayan saduwa kafin su bayyana. Gwajin cuta mai karya garkuwar jiki na ɗakin gwaje-gwaje yana buƙatar kwana 45. Tunjere da ciwon hanta mako 12. Wanda hankalinsa ya tashi ya yi gwaji washegari, sakamakon da zai samu labarin watannin baya ne, bai ce komai game da daren jiya ba.

Sakamako yakan zo cikin 'yan kwanaki bayan kwalin ya isa, ta saƙon tes ko imel da ke cewa a shiga shafin a duba. Idan kilamidiya ce marar rikici, ana iya aiko da magani ko a karɓa a kantin magani: doxycycline miligiram 100, sau biyu a rana, kwana 7. A sha da cikakken kofin ruwa a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan rabin awa don yana ƙona maƙoshi, a raba shi da madara da ƙwayar ƙarin jini da awa biyu, a ƙaurace wa saduwa har a gama. Ba a ba mai ciki shi, kuma wannan magana ta shafi namiji mai mahaifa kamar yadda ta shafi kowace mace. Ciwon sanyi ba a maganinsa ta gidan waya, sai an je an yi allurar ceftriaxone giram 1, a kuma ɗauki samfur don a ga ko ƙwayar ta fara bijire wa magani. Abokin tarayya shi ma sai an yi masa, in ba haka ba abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba, cutar za ta dawo. Ma'aikatan suna iya sanar da shi ba tare da ambaton sunan kowa ba.

Idan gwajin jini ya nuna alama, waya ake bugowa, kuma wayar ba ta nufin an tabbatar. Tana nufin a zo a sake da jinin jijiya, domin ƙaramin samfur yakan yi ƙarya wani lokaci. Wanda ya taɓa yin tunjere aka warkar da shi, jininsa zai ci gaba da nuna alama har abada. Haka ma wanda ya yi cutar fata mai miki da ake kira yaws yana yaro, wadda har yanzu ake samu a wasu yankunan Gana da Kamaru, domin ƙwayoyin biyu 'yan gida ɗaya ne. Ciwon hanta nau'in B kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma, da yawa tun suna jarirai suka ɗauka, don haka wanda aka haifa a Najeriya ko Nijar ya faɗi ƙasar haihuwarsa a fom, ya nemi a haɗa masa da wannan gwajin ko da bai taɓa kusantar kowa ba. Idan aka tabbatar da cuta mai karya garkuwar jiki, maganin yau yana danne ta har a kasa ganinta a jini, kuma wanda ya kai wannan matsayi ba ya sa wa abokin tarayyarsa ta hanyar saduwa. Ba a dakatar da homon saboda shi. Likita ne zai zaɓi haɗin da ba ya karo da shi.

Zuwa nan kwalin ya cika alkawarinsa. Inda ya tsaya kuma fili ne babba, kuma matashi mai sauya jinsi ya fi kowa faɗawa cikinsa, saboda kwali ba ya tambaya, ba ya duba jiki, ba ya ba da riga-kafi.

Wanda ke da alamu, kamar miki, ko fitar ruwa, ko ciwon mara, ko zafin fitsari, ko kumburin maraina, kada ya jira gidan waya. Wanda yake tsoron ya haɗu da cuta mai karya garkuwar jiki a cikin kwana uku da suka wuce, PEP yake buƙata, wato maganin kariya da ake sha bayan haɗuwa da cutar, kuma agogo na tafiya: ana fara shi cikin awa 72, cikin awa 24 ya fi, a sha kwana 28. Ana samunsa a asibitin lafiyar saduwa, da dare ko ƙarshen mako kuma a sashen gaggawa. Haɗin da aka saba bayarwa a Birtaniya ba ya taɓa homon, amma maganin gyambon ciki mai alli da ƙwayoyin ƙarin jini suna rage ƙarfinsa. Bayan an gama sai an ƙirga kwana 45 kafin gwajin ƙarshe.

PrEP, maganin da ake sha tun kafin haɗuwa da cutar, kyauta ne a asibitocin Ingila tun 2020. Tsoron da ya fi hana mata masu sauya jinsi shan sa shi ne zai rage ƙarfin istirojin ɗinsu. Ba ya ragewa. Abin da ya kamata a sani shi ne tsarin sha. Akwai tsarin da ake sha lokacin buƙata kawai, ƙwaya biyu awa 2 zuwa 24 kafin saduwa, ɗaya bayan awa 24, ɗaya bayan awa 48. An gina shi ne a kan saduwa ta dubura, kuma jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta keɓe shi ga waɗanda aka haifa da jikin namiji kuma ba sa shan istirojin. Ga mai saduwa ta farji, na haihuwa ko na tiyata, maganin ya fi jinkirin taruwa a wurin kuma ya fi saurin barinsa, don haka shan kullum ne abin dogaro, a ci gaba har kwana 7 bayan saduwar ƙarshe. Ana gwajin jini duk wata uku, ana kuma duba ƙoda lokaci-lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya: allurar riga-kafin ciwon hanta A da B, da ta HPV, ƙwayar da ke jawo kansar bakin mahaifa, da ta ƙyandar biri ga wanda ya cancanta, duk a asibiti ake yin su, kuma suna buƙatar makonni kafin su kama.

Sai maganar ciki, wadda ta fi kowace jawo nadama. Testosteron yana ɗauke al'ada amma ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne. Ƙwai yana iya fita ba tare da an ga jini ba, kuma sinadarin yana cutar da ɗan tayi. Ashanar hannu mai shekara 3, da allurar duk mako 13, da robar mahaifa mai jan ƙarfe ko mai homon, duk suna tafiya da testosteron ba tare da rage aikinsa ba. Ƙwayar da ke haɗe da istirojin ce likitocin Birtaniya ba su cika ba da shawararta gare shi ba. Maganin hana ciki na gaggawa yana aiki yadda ya saba: levonorgestrel cikin awa 72, ulipristal cikin awa 120, robar jan ƙarfe cikin kwana 5 kuma ita ta fi su duka ƙarfi. Ta ɗaya gefen ma haka ne, istirojin yana rage maniyyi amma ba a dogara da shi. Duk mai bakin mahaifa kuma gwajin kansar bakin mahaifa ya hau kansa daga shekara 25, kuma wanda aka yi wa rajista a matsayin namiji a wurin likitan unguwa, takardar gayyata ba ta zuwa da kanta sai ya nema.

Akwai abubuwan da suka shafi jin daɗin zama da abokin tarayya, waɗanda babu gwajin da ke auna su, kuma mu a wurinmu suna cikin lafiya kamar sauran. Bushewar da testosteron ke kawowa tana sa zafi da 'yan tsage-tsage a fata, waɗanda ke buɗe wa cuta ƙofa. Maganinta man istirojin ne mai ƙaramin ƙarfi da ake sakawa a wurin. Kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, ba ya mayar da murya ko gemu baya, amma da yawa suna haƙuri da zafin shekaru saboda sunan maganin kawai ya tsorata su. Farjin da aka gina da fata ba ya kawo laimarsa, yana buƙatar man santsi kowane lokaci. Man ya zama mai ruwa ko na silikon. Basilin, da man kwakwa, da man kaɗanya suna cinye kwaroron roba cikin 'yan mintuna ya fashe, na silikon kuma yana lalata kayan da aka yi da silikon. Istirojin yakan rage ƙarfin gaba har kwaroro ya riƙa zamewa, a nan kwaroron da ake sakawa ciki ya fi dacewa. Mutum yana da ikon gaya wa ma'aikacin jinya, da abokin tarayyarsa, sunan da yake so a kira sassan jikinsa da shi, da wurin da bai yarda a taɓa ba. Kuma matashin da aka kora daga gida, wanda yake kwana a ɗakin wani bisa sharaɗin da bai iya ƙi ba, fom zai iya tambayarsa ko ana tilasta masa, amma danna "a'a" a waya ya fi sauƙi a kan faɗar ta a gaban mutumin da ya iya sauraro. Ga wanda aka yi wa fyaɗe, cibiyoyin Havens na Landan suna karɓarsa ko bai kai ƙara wurin 'yan sanda ba.

Shi ya sa muke ganin kwalin rabin hidima ne, ɗaya rabin yana wurare biyu da aka gina domin waɗannan mutane. CliniQ, wadda masu sauya jinsi da kansu suka kafa a 2012, tana aiki tare da asibitin King's College a Camberwell, kudancin birnin. 56T kuma tana cikin asibitin 56 Dean Street a Soho. A irin waɗannan wurare ana tambayar suna da yadda ake so a kira mutum tun daga ƙofa, ana gwajin bakin mahaifa da ƙaramin ƙarfe da isasshen lokaci, ana kuma duba jinin masu shan homon. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin jiran layin asibitocin jinsi na gwamnati yana ɗaukar shekaru, matasa da yawa kuma suna sayen homon ta intanet suna yi wa kansu allura. Wanda ke haka ya faɗa ba tare da tsoro ba, a duba masa hanta da kaurin jini, ya karɓi sababbin allurai, kada ya taɓa raba allura da kowa, don ta nan ciwon hanta C ke shiga. Aibin waɗannan wurare shi ne lokutansu kaɗan ne a mako, kuma guraben suna cika da wuri.

Ɗalibai da sauran matasa da suka zo daga Najeriya suna da wani tsoron daban. Wanda ya tashi ƙarƙashin dokar 2014 da ta haramta auren jinsi, da dokokin jihohin Arewa, bai saba rubuta irin wannan gaskiya a fom ba, yana ganin kamar takardar za ta bi shi har gida. A Ingila bayanan asibitin lafiyar saduwa a ware suke daga fayil ɗin likitan unguwa, ba a aika su ga iyaye ko makaranta, sai in an ga rayuwar wani na cikin babban haɗari. Gwaji da maganin cututtukan saduwa, har da cuta mai karya garkuwar jiki, kyauta ne ga kowa ko wace irin biza yake da ita, ko ma ba shi da ita. Fom da takardar umarni da Turanci suke. A asibiti ana iya neman tafinta ta waya kyauta, kuma gara haka da a jawo ɗan uwa ya fassara. Wanda yake zaune a gidan kawu ko gwaggo inda ake buɗe wasiƙar kowa, ya tuna sunan da ya rubuta a fom shi zai fito a bayan kwalin, don haka ya zaɓi sunan da ba zai tayar da tambaya a gidan ba, ko ya karɓi kwalin da hannunsa a ɗaya daga asibitocin da ke ba da shi, ya kuma kashe nuna saƙonni a fuskar wayarsa kafin ranar da sakamako zai shigo.